Abin da Ya Bi Ni Har Indiya

Dillalin da ya samo mini makaranta ya ce idan na sauka a Delhi zan ga mutum riƙe da allo an rubuta sunana a kai. Na ga alluna da yawa a wannan safiyar, amma babu Ishaya a cikinsu. Na tsaya har waɗanda muka sauko tare suka watse, wani jirgin ya sauke nasa mutanen, su ma suka watse. Na kira lambar dillalin, a kashe. Na kira ta wanda aka ce zai tarbe ni, wata mata ta ɗauka, ta yi magana da yaren da ban taɓa ji ba, ta katse.

Sai na yi abin da na saba yi duk lokacin da hankalina ya tashi. Na ja akwatina zuwa banɗaki na hau wanke hannu. Na wanke, na rufe famfo, zuciyata ta ce ai ka taɓa kan famfon, na sake buɗewa. Mutane suna shiga suna fita, ni ina nan. Ga ni a ƙasar da ban san kowa ba, ban san inda zan kwana ba, amma abin da ya fi damuna shi ne kan famfo.

Ba a Indiya abin ya same ni ba. Ina ɗan shekara tara, ina firamare a Madakiya, ya fara. Ƙanwata Rifkatu ta yi amai da gudawa bayan na ba ta mangwaro da hannuna. Aka kwantar da ita a asibiti a Kafanchan, ta warke, ta dawo ta ci gaba da wasanta. Ita ta manta, ni ban manta ba. Wani tunani ya zauna mini a ka: idan hannunka bai fita ba wani zai mutu, kuma kai ka kashe shi. Na san ba gaskiya ba ne, amma sanin bai taɓa hana ni zuwa bakin randa ba. A shekarar ce kuma na fara ƙifta ido ba dalili, ina gyaran murya kamar mai tari, har 'yan ajinmu suka sa mini suna Ƙifta. Baba ya yi faɗa, ya yi bulala. Mama ta kai ni wurin fasto, matan zumunta suka zo gida suka yi addu'a a kaina. Daga ƙarshe na koyi ɓoyewa. Idan mun gaisa da mutum a coci sai in sa hannun a aljihu, in daure har in kai gida. Mutanen gari suka ce ɗan Bitrus akwai tsabta. Abin mamaki, ƙasar gona ba ta taɓa damuna ba. Zan yini ina haƙar citta da Baba, in ɗebi taki da hannu, ko a jikina. Amma mariƙin ƙofa, ko takardar kuɗi, ko tafin hannun mutum, waɗannan su ne wuta. Shi ya sa ma na zaɓi karatun aikin gona.

Da na samu na fito daga banɗakin, wani mai tasi ya tare ni da fara'a. Na nuna masa sunan garin da makarantar take, can arewa, na ce ya kai ni tashar jirgin ƙasa. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai yau an rufe tasha saboda biki, sai gobe, amma yana da ɗan'uwa mai masauki. Ya kai ni wani lungu, aka ba ni ɗaki marar taga, aka yanke ni yadda aka ga dama. Washegari a tasha na tambayi wani ma'aikaci ko an gama bikin. Ya ce, wane biki? Jirgi bai tsaya ba ko na awa ɗaya.

A cikin jirgin na zauna kusa da wani dattijo mai babban rawani da matarsa. Rabona da abinci tun a jirgin sama. Da rana ta yi, matar ta kwance ƙunshinta, ta yago gurasa, ta naɗe wake a ciki, ta miƙo mini da hannunta. Ƙamshin har cikin cikina, amma na kasa karɓa. Na ce na gode, na ƙoshi. A gidanmu an hore mu ba a mayar da hannun babba, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ta dubi fuskata, ta dubi hannayena da suka yi jawur saboda sabulu. Da jirgin ya tsaya a wani gari, ta yi wa mijinta magana, ya leƙa taga ya sayo ayaba. Ta ajiye nonon ayabar a kan kujera tsakaninmu, ta juya tana kallon waje. Ayaba tana cikin ɓawonta, ba wanda ya taɓa cikinta. Na cinye tas, idona na kawo ruwa. Ban san sunanta ba, ban kuma san yadda ta gane ba.

A makaranta na tarar da rabin gaskiya. Sunana yana nan cikin waɗanda aka ɗauka, amma ɗakin kwana da dillali ya ce ya biya, ba wanda ya san da maganarsa, kuma ɗakunan sun cika. Na fito na zauna a kan akwatina a gindin wata bishiya kusa da ƙofar makaranta. Ina tunanin ko in kira Baba, ina tunanin me zan ce masa, sai na ji wani yana waya a bayana.

"Ka ce wa Alhaji idan motar Kachia ta iso kada a sauke kayan a waje, ruwa zai iya sauka."

Hausa ce, kuma irin tamu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Sannu, Malam."

Ya sauke wayar daga kunne ya dube ni. Dogo ne, mai ɗan gemu, ya girme ni da 'yan shekaru. "Kai ɗan ina ne?"

"Madakiya."

"Madakiya ta nan bayanmu? Ikon Allah! Ni ɗan Kafanchan ne, sunana Nura. Babana na sayar da atamfa a kasuwa. Me kake yi a kan akwati?"

Na gaya masa. Ya yi tsaki, ya ce ba ni ne na farko da dillalan nan suka yi wa haka ba. Sai ya ce, "Ɗauko kayanka."

Na ɗan tsaya. A gida muna saye a hannun Hausawa, muna gaisawa, amma ban taɓa kwana a ɗakin Musulmi ba, kuma kowane ɓangare yana da labaran da aka raine shi da su. Ya lura.

"Kana da wani wurin?"

"Babu."

"To ɗauko kayanka."

Yaya Nura, haka na koma kiransa, yana digiri na biyu a fannin injiniya. Ɗakinsa yana saman wani gida, da ɗan banɗaki da tankin ruwa wanda matar gidan take cikawa da safe kawai. Ya raba mini katifa. Yana da kuka da daddawa da ya zo da su daga gida, yana tuƙa tuwon semo, mu zauna muna ci muna lissafa abin da muke kewa. Shi tsiren bakin tasha, ni faten acca na Mama da yakuwa. Ran Lahadin farko shi ya tashe ni. "Kai ba ka zuwa coci ne? Akwai inda 'yan Afirka ke taruwa, taso in nuna maka hanya." Ya raka ni har ƙofa ya koma.

Watannin farko na yi ta ɓoye abina kamar yadda na saba. Amma a gida na san ƙofofin da zan kauce wa, a nan kuwa komai baƙo ne, komai kuma ya zama abin tsoro. Kujerar aji, ƙarfen bas, canjin da mai shago ya miƙo. Da sanyinsu ya shigo, sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, fatar hannuna ta tsage tana jini. Ganin jinin ya ƙara mini wani tsoron, na ƙara wanki. Wanka ya koma yana cinye mini safiya, in fito an gama darasin farko. Ƙiftawar da ta yi sauƙi tun ina sakandare ta dawo, har wani ɗan aji ya tambaye ni ko idona na ciwo.

Sai wani abu ya sauko a kan wannan, wanda ban san shi ba a da. Jikina ya yi nauyi. Na daina jin ɗanɗanon abinci, na daina zuwa coci, idan Mama ta kira sai in bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Wani malaminmu ya tare ni a baranda ya ce idan na ci gaba da fashin aji ba zan zauna jarrabawa ba, kuma makaranta ba za ta sa hannu a sabunta mini izinin zama ba. Na tuna cittar da Baba ya tara, duk ta tafi a wannan tafiya. Na tuna yadda aka tsayar da ni a gaban ikkilisiya aka yi mini addu'a. Maimakon tunanin ya tashe ni, sai ya ƙara kwantar da ni. Akwai safiyoyin da na buɗe ido na ji da ban farka ba da ya fi.

Wata Juma'a Yaya Nura ya dawo da rana zai yi wanka ya tafi masallaci. Ya tarar ina banɗaki. Ya jira, ya buga ƙofa, ya sake bugawa.

"Ishaya! Fito mana, lokaci na tafiya!"

Na fito. Ya shiga ya murɗa famfo, ko ɗigo. Ya fito ransa a ɓace, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Tanki guda? Kai kaɗai? Wai me kake wankewa ne kullum? Ba ka zuwa aji, ba ka cin abinci, ruwan ma ba za ka bar wa mutum ba?"

Na ɗaga hannu zan ba shi haƙuri, sai idonsa ya sauka a kansu. Na saba saka su cikin aljihu ko cikin hannun riga, ranar na manta. Ya ɗauki hularsa ya fita ba wanka.

Na ɗauka korata zai yi, har na fara haɗa kaya. Da ya dawo sai ga shi da shinkafa a leda. Ya zauna a ƙasa, ya ce in zauna.

"Idan ka wanke, sai wani abu ya ce maka bai fita ba, ko?"

Na dube shi.

"Ka san ya fita, amma sai ka koma."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ni nawa da girmana ya same ni, na gama digirin farko, na wuce ashirin. Shagonmu ya yi gobara, bayan nan abin ya fara. Zan yi alwala, in ce ban wanke gwiwar hannu ba, in sake. In sake. Wallahi sai liman ya sallame ina bakin famfo. Idan na tayar da salla in ce niyyar ba ta yi ba, in yanke. Ga shi kuma haka kawai ƙirjina ya hau bugawa, numfashi ya ɗauke, in ce mutuwa ce ta zo. An auna zuciyata, aka ce lafiya lau."

"Sai aka yi yaya?"

"Malaminmu na unguwa ne ya kira ni. Ya ce, Nura, addini bai ɗora maka wannan ba. Waswasi ne, kuma naka ya kai na asibiti. Shi ya sa Alhaji, babana, ya kai ni asibiti a Kaduna." Ya ɗan yi murmushi. "Ni fa na ɗauka ku ba kwa yinsa, tunda ba kwa alwala."

Na yi dariya, dariyar da na manta ina da ita, daga nan ta juye kuka. Tun ina yaro na ɗauka ni kaɗai ne a duniya Ubangiji ya yi haka.

Ran Litinin ya raka ni asibiti, ya zauna a waje. Likitar mace ce mai furfura, tana magana a hankali. Bayan na gama bayani, ta ce, "Shekarunka nawa lokacin da ya fara?"

Duk rayuwata ana tambayata yaushe zan daina, ba wanda ya taɓa tambayata yaushe na fara. Na ce tara. Ta ce, wannan ƙifta idon fa, da gyaran murya? Na ce tare suka zo. Ta tambayi barcina, da cin abincina, ta tambaye ni kai tsaye ko ina tunanin mutuwa. Na faɗa mata gaskiya. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a danginmu, na ce babu.

Ta ce ciwon sananne ne, da Turanci OCD suke ce masa, kuma yana da magani. Ta ce yakan fara ko dai a ƙuruciya, ko lokacin da mutum yake shiga girma. Waɗanda ya kama tun suna ƙanana sun fi yawa cikin yara maza, kuma sau da yawa yana zuwa musu da irin wannan motsin ido ko murya da mutum ba shi ya sa kansa ba. Na ce ai abokina da girmansa ya same shi, kuma shi ba ya ƙifta ido, bugun ƙirji yake yi. Ta ce haka abin yake, ciwon ba ya cika zuwa shi kaɗai, amma abokan tafiyarsa sun bambanta. Wani tsoro da firgita, wani ƙiftawa, da yawa kuma baƙin cikin nan mai kwantar da mutum, wanda shi ne ya hau kaina yanzu.

"Ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba," in ji ta. "Ka daɗe kana ɗauke da kaya kai kaɗai, ka gaji. Za mu yi maganin biyun tare."

Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce sai na yi haƙuri na makonni kafin in ji bambanci. Ta haɗa ni da wani ma'aikacinsu da muke zama da shi kowane mako. Aikinmu na farko shi ne in kama mariƙin ƙofar ofishinsa, in dawo in zauna, in ɗora hannu a gwiwa, ba wanki. Gumi ya jiƙa mini riga cikin wannan sanyin. Tunanin ya yi ta ihu, wani zai mutu, wani zai mutu. Mutumin ya ce kada in yi gardama da shi, in bar shi ya yi ihunsa. Can sai na ji ya fara gajiya da kansa. Ban taɓa sanin yana gajiya ba, don ban taɓa jira ba.

A ɗaki ma an ba Yaya Nura nasa aikin. Idan na ce, "Yaya, kana ganin hannuna ya fita?" sai ya ce, "Ban sani ba, likita ta hana ni amsawa. Zo ka yanka albasa." Wani lokaci in ji haushinsa kamar in shaƙe shi.

Asibitin ya yi magana da makaranta, aka bar ni na maimaita zango maimakon kora. Baƙin cikin ne ya fara ɗagawa. Wata rana na ji yunwa, yunwa ta gaske, na kira Mama muka daɗe muna hira. Wankin ya ragu a hankali, yana komawa baya lokacin jarrabawa, ya sake raguwa. Ƙiftawar ba ta tafi ba, har yau tana zuwa idan na gaji, na daina jin kunyarta.

Yaya Nura ya riga ni gamawa ya koma gida, ya bar mini tukunyarsa da sauran daddawa. Bayan 'yan makonni ya turo mini hoto: Mama ce zaune a kan benci a shagon Alhaji, da kwandon acca da ta kai musu godiya, ita da mahaifiyarsa suna dariya.

Na dawo gida lokacin haƙar citta. Rifkatu ta yi aure ta haifi ɗa namiji, tana ƙorafi wai Mama ba ta son ɗaukar jikanta, da an miƙa mata sai ta ce bayanta na ciwo. Wata la'asar muna zaune ni da Mama a tsakar gida muna tsaga citta don shanya, na ba ta labarin komai, wanda ban iya faɗa a waya ba. Ta yi ta aikinta ba ta ɗago ba. Da na kai inda likita ta tambayi ko akwai mai irinsa a dangi, wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Ka ce mata me?"

"Na ce babu."

Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Lokacin da na haife ka, wani tunani yana zuwa mini. In ina kusa da rijiya, ya ce jefa shi. In na ga wuƙa, ya ce za ki yanka shi. Ni da nake sonka kamar raina. Na kwashe wuƙaƙen gidan nan na kai wa maƙwabciya, na ce aro na ba ta. Ruwa ma sai dai a ɗebo mini. Ina kuka, ina azumi, ina cewa Yesu, wace irin mutum ce ni?"

"Ba ki gaya wa kowa ba? Ko Baba?"

"In ce me? Su ce ni mayya ce?" Ta share ido da bayan hannu. "Ya tafi da kansa, ya dawo lokacin Rifkatu. Yanzu kuma da yaron nan. Bayana lafiya lau, Ishaya."

Na tuna likitar ta taɓa cewa wasu mata da ciki ko bayan haihuwa yake fara musu, kuma irin wannan tunanin yana azabtar da mutum ne don ya saɓa wa abin da ke zuciyarsa. Na gaya mata haka da yarenmu, a hankali, har sau biyu. Na ce ciwo ɗaya ne da nawa, nata ya zo da girma, nawa ya zo da ƙuruciya.

"To duk bulalar da aka yi maka fa," ta ce.

"Ba wanda ya sani, Mama."

Ranar kasuwa muka tafi asibiti tare, ta ce wa Baba ciwon baya za a duba. Daga baya ita da kanta ta gaya masa gaskiya.

Wata Lahadi bayan Ista muna cikin sujada a coci, ɗan Rifkatu ya hau kuka. Na ga Mama ta miƙa hannu ta karɓe shi. Ta ɗora shi a kafaɗa, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta karkato wajena ta yi raɗa.

"Yana zuwa fa."

"Bar shi ya zo, Mama."

Rifkatu ta miƙo hannu za ta karɓi ɗanta. Mama ta girgiza kai, ta gyara masa zama, ta ci gaba da waƙa.